Allon da Rubutunsa Ya Tashi

An ce ranar da Malam Abdulsalam ya cika, rubutun da ke kan babban allonsa ya tashi ya bi shi. Haka matan da ke dawowa daga rijiya suka faɗa wa Hure a kan hanyar Toranke, tulunansu ko rabi ba su kai ba. Wata ta ce ba tashi ya yi ba, Maiwada mai zayyana ne ya goge shi, bayan ya ba Malam guba a fura. Wata kuma ta ce ai duka biyun ne. Babu wadda ta ɗaga murya. A shekarar nan da aka daina fam da sule, damina ta leƙo ta koma, shanu sun mutu har an daina janye mushensu daga hanya, mutane kuma suna ba da labarin kisan kai da irin muryar da za su ce yau rana ta yi zafi.

Hure ta saurara har suka gama, ta gyara sandarta, ta ci gaba da tafiya. Ta tsufa tana jin abin da aka ce, kuma ba safai take samunsa a inda aka ce yake ba. Tawada dai ba ta da fiffike. In rubutu ya bar allo, wani ne ya raba su, kuma wanin nan da ƙafa ya zo.

Ƙafa kuwa ita ce sana'arta. Mahaifinta Bappa makiyayi ne da bai haifi ɗa namiji ba, don haka ita ya ɗauka yana nuna wa ƙasa tun tana yarinya: wannan saniya tana da ciki, wannan mutum da kaya a kansa, wannan kuma yana waiwaye. Daga Ajingi har Balan, in sa ya ɓata, ita ake aika wa. Bana babu wanda ya aika mata. Ba sauran shanun da za su ɓata.

Yanzu ma ba kiranta aka yi ba. Gaisuwar mutuwa za ta je ƙauyen Gidan Marke, domin Hanne, matar mamacin, ƙawarta ce tun suna kiwon maruƙa tare.

*

Duk wanda ya san Gidan Marke ya san mutum ukun nan. Malam Abdulsalam shi ke tsara waƙa. Idonsa ya tafi tun da daɗewa, sai ya zauna a zaurensa yana rera baiti yana sakewa har ya zauna daidai. Malam Hadi shi ke rubutawa, da hannu mai kyau da ake zancensa har Gaya. Maiwada shi ke zayyana. Ba gefen allo kawai yake ƙawatawa ba, irin na sauran masu sana'ar. Malam Hadi kan bar masa gurbi a ƙarshen kowane baiti, shi kuma ya cika shi da abin da baitin ya faɗa, in rijiya ce da'ira, in gona ce kunya-kunya. Jan da ake yin wasali da shi ma daga tukunyarsa yake fitowa. Saboda haka in ka kalli allonsu ba za ka ce ga inda rubutu ya tsaya zane ya fara ba.

Akwai kuma abin da Maiwada ke yi saboda mutum ɗaya tak. Yakan dama launinsa da ƙaro mai yawa, ya ɗora shi da kauri har ya yi tudu, domin in allo ya bushe Malam ya bi shi da yatsa ya ji siffar waƙarsa.

Aikinsu na ƙarshe waƙar fari ce. An shirya za a karanta ta ranar da gari zai sake fita roƙon ruwa. Kafin ranar ta zo Malam ya kwanta da zazzaɓi da tari, abin da ba ya kashe mutum. Sai ga amai, sai rawar jiki, sai ya cika. Da aka yaye zanen da aka rufe allon da shi a ɗakinsa, aka tarar da itace fari, sai ɗan guntun zayyana a can ƙasa.

*

Hanne na zaune a ɗakinta cikin kayan takaba, ta miƙe ƙafafu, hannayenta a cinya kamar an ajiye mata su. Mata sun cika tsakar gida. Hure ta dubi ƙasa don sabo, ta ga sawun masu gaisuwa ya tattake komai.

Ta durƙusa ta yi ta'aziyya. Hanne ta amsa yadda ake amsawa.

"Kin ci abinci, 'yar'uwa?"

"An kawo."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Hanne ta dube ta kamar daga nesa. "Kin rame, Hure."

"Kowa ya rame. Ke dai kin yi kuka kuwa?"

"Na nema, bai zo ba."

Can Hanne ta fara motsa baki, a hankali, ba da muryar waƙa ba, da muryar mai ƙirga kaji:

"Na tambayi rijiya ina ruwanki,
Ta ce da ni ita ma tana jira.
Na tambayi gona ina hatsinki,
Ta ce in je in tambayi fara."

"Tasa ce?" in ji Hure.

"Ta ƙarshen. Ina daka yana yi, dole ta shiga kunne." Ta mayar da ido ga bango. Hure ta ga ba za ta ƙara samun komai ba, ta tashi.

*

An kai allon zauren mai unguwa Gwadabe, an jingine shi a bango, kowa na kewaye shi kamar yana cizo. Maiwada kuma yana kulle a ɗakin da ake ajiye buhunan gyaɗa a shekarun da ake gyaɗa.

"Goggo, ai magana ta ƙare," in ji Gwadabe. Mutum ne mai son a gama abu. "Gobe kasuwar Ajingi, mota za ta zo, in haɗa shi da mutum biyu su miƙa shi ga 'yan sanda a Gaya. Gara can da nan. Samarin nan sun fara tara kara a bayan gidansa, za su cinna masa wuta."

"Me ya yi?"

"An ji su suna cacar baki da Malam. Malam ya ce masa jan ya yi yawa, zai nutsar masa da baiti. Shi kuma ya ce wanda ba ya gani ba ya koya wa mai gani launi. Ka ji magana! Bayan nan ya aiko da fura, wai ta dubiya. Washegari Malam ya cika."

"Malam ya shanye furar?"

"Mara lafiya? Ludayi biyu ya sha."

"Sauran fa? A bana ban ga gidan da ake zubar da fura ba."

Gwadabe ya sosa ƙeya. Wani dattijo a gefe ya yi tari, irin tarin da ba na ciwo ba.

"Na je dubiya a lokacin," in ji Gwadabe. "Aka ce kada ta lalace."

"Ka shanye."

"Na taimaka."

"To ga ka a tsaye, ranka ya daɗe. Har da ɗan tumbinka."

Babu wanda ya yi dariya, ko da yake a wata shekarar da an yi. Gwadabe ya ɓata rai. "Wataƙila a ludayin aka shafa. Ni ba likita ba ne. Allon fa? Wa zai goge aikin in ba mai jin haushi ba?"

Hure ta matsa kusa da allon. Karatunta bai wuce na salla ba, amma babu sauran rubutun da za a karanta, sai itace, itace kuwa yana riƙe sawu kamar ƙasa. Ta sa aka fito mata da shi haske.

Mai jin haushi da yashi yake gurzawa, ko ya kankare da wuƙa, ko ya jefa a wuta. Wannan babu ƙarzo ko ɗaya. Da tafin hannu aka bi shi, a hankali, daga sama zuwa ƙasa, kuma kowane shafi ya karkata zuwa kusurwa ɗaya, inda ruwa ya riƙa ɗiga har itacen ya yi duhu. An karkata allon ne a kan wani mazubi. Ba zubar da ruwan aka yi ba, tara shi aka yi.

Kuma ba a zama ɗaya ba. Ruwa in ya bushe yakan bar gaɓa, kamar kududdufi a ƙarshen damina. Akwai gaɓa a sama, siririya, ƙura har ta kwanta a kanta. Akwai wata a ƙasanta, ta fi ta faɗi. Kowace ta ƙasa ta fi ta samanta girma. Ta ƙarshen ta cinye kusan rabin allon, har da wurin da babbar zayyana take.

"Me kika gani?" in ji Gwadabe.

"Itace. Buɗe mini ɗakin gyaɗa."

*

Maiwada na zaune a kan wani buhu da babu komai a ciki. Kakanninsa Barebari ne, don haka tsakaninsa da Hure akwai wasa, kuma ko a nan bai fasa ba, sai dai muryar babu gishiri.

"Har nan ma sai Fulani sun biyo ni? Babu nono a nan, Goggo."

"Na zo duba bawana ne, an ce ya yi kisa. Na ce wannan ko kaza sai an riƙe masa."

Ya yi ɗan murmushi, ya sunkuyar da kai. Farcensa duk ja ne, ya shige har ƙarƙashi.

"Kun yi faɗa da Malam?"

"Shekara nawa muna yi? Shi ya ce zanena ya danne waƙarsa, ni in ce waƙarsa ta cika surutu, Malam Hadi ya ce mu duka muna ɓata masa layi. In ba mu yi faɗa ba allon ba ya kyau."

"Yaushe rabonka da allon?"

"Tun ranar da ya bushe. Na kai shi zaure, Malam ya shafa, ya ce a shigar masa da shi ɗaki. Ni ban taɓa wuce zauren gidan Malam ba, kowa ya sani."

Wannan gaskiya ne, ta riga ta tambaya. Ta dubi farcen nasa kuma. "Jan nan naka bai yi kama da na karan dafi ba. Ya fi haske."

Hannunsa ya koma cikin riga. "Ja dai ja ne."

"Bana wa ya ga karan dafi? Dawar ma ba ta kai gwiwa ba."

"Ina da tsohon ajiya."

Ya faɗa yana kallon ƙofa. Hure ta sha ganin sawun mai waiwaye, ta san shi ko a fuska. Mutumin nan bai sa komai a fura ba, amma yana zaune a kan wani abu. Ta bar shi da shi.

"Goggo," in ji shi, tana kan fita. "In an kai ni Gaya, ba na dawowa, ko?"

"Ban taɓa zuwa ba, balle in sani."

*

Malam Hadi ta samu a ƙofar gidansa yana feƙe alƙalami, ga shi babu abin da zai rubuta. Shi kaɗai ne namijin da ke shiga har ɗakin Malam, don ɗan ƙanen mahaifinsa ne, kuma a hanya wani ya raɗa wa Hure cewa ya daɗe yana jin zafin a ce waƙar Abdulsalam, zanen Maiwada, a manta da wanda ya riƙe alƙalami.

"Na ji abin da ake faɗa a kaina," in ji shi, ba tare da ta tambaya ba. "Ba na gari a lokacin. Ina Gaya wajen 'yata da ta haihu, tun kafin ya kwanta. Direban motar Ajingi ya kai ni, shi ya dawo da ni, na tarar ana haƙa kabari. Ki tambaye shi gobe."

"Da kana nan da ka yi masa rubutu ya sha."

"Wa? Malam?" Ya girgiza kai. "Bai taɓa yarda ba. Ya ce shi kalma da kunne yake shanta. Ko sassaƙe ba ya bari a jiƙa masa. Taurin kai gare shi, Allah ya jiƙansa."

"Amin. Tawadarka ce a allon?"

"Tawa ce. Bagaruwa da ƙaro, da ɗan zuma don ta yi sheƙi. Sauran zuman da ke gidan nan kaf a allon nan ya ƙare." Ya busa bakin alƙalamin. "Baƙin ke nan. Jan na Maiwada ne. Wani irin ja ya kawo bana, har da sharaɗi, wai kada in lashi alƙalami in na tsoma. Ni da na saba tun ina yaro."

"Ya ce don me?"

"Ya ce ɗaci. Ban tambaya ba. Kowa da sirrin tukunyarsa."

Hure ta yi masa sallama. A hanya ta tsaya a inuwar wata katanga, ba don gajiya ba. Wanda ya tara ruwan allo a ƙoƙo, dole ya ɗauraye ƙoƙon. Ruwan da ya taɓa sunan Allah kuwa babu Musulmin da zai watsa shi inda ake takawa. Sai an nemi gindin wani abu, wuri mai tsarki, a zuba a hankali. Ga shi kuma da zuma a ciki, a shekarar da ƙwari ma ke yunwa.

Ba sawun mutum za ta nema ba.

*

Da la'asar ta koma gidan makoki, ta ce za ta kewaya. Ta bi gindin katanga tana duban ƙasa. Kusa da rumbun da babu komai a cikinsa ta same su, layin kiyashi, siriri, yana tafiya da niyya. Ta bi shi. Ya zagaya murhu, ya bi ta bayan ɗakin Malam, ta wani lungu da mutum ɗaya kawai zai iya shiga.

Tun kafin ta kai ƙarshe ta ga abin da ba daidai ba. Kiyashi hanya biyu yake yi, masu zuwa da masu dawowa da kaya. Waɗannan duk tafiya suke yi. Babu mai dawowa.

A ƙarshen lungun akwai ɗan bishiyar lalle, ita kaɗai ce a gidan da sabon toho. A gindinta ƙasa ta yi ja-ja, ta yi ɓawo. Kiyashi na kwance a kai, matattu, tuli guda kamar an zubar da garin barkono, na baya suna hawa kan na gaba suna tsayawa.

Masu gaisuwa ba su zo nan ba. Ƙasar ta riƙe komai. Ga gurbin gwiwa biyu inda aka riƙa durƙusawa. Ga zoben gindin ƙoƙo. Ga sawun ƙafa ba takalmi, na shiga da na fita, wani a kan wani, tsoho da sabo. Ƙafar hagu, ƙaramin yatsan ya karkace waje, ba ya taɓa ƙasa sai gefensa.

Hure tana wurin ranar da saniya ta taka yatsan nan. Ita ta goya mai shi har gida, suna kuka su biyu.

Ta daɗe a tsaye. Ba ta ji komai ba, sai nauyin sandar a hannunta. Shara ɗaya da tafin ƙafa ta isa, lungun ya koma ƙasa kawai. Har ta ɗaga ƙafar. Daga can bayan gidan Maiwada ta jiyo ana jefa kara a kan kara.

Ta sauke ƙafar a inda take. Ta tsinci sakaina, ta kwashi jar ƙasar da kiyashin, ta rufe da gefen mayafinta.

Hanne ita kaɗai ce a ɗaki, mata sun fita alwala.

"Na ji takunki a bayan ɗaki," in ji ta. "Na san ba kewayawa kika je ba."

Hure ta zauna kusa da ita. "A me kike ba shi?"

"A kunu." Muryar ba ta canja ba. "Ya hana a nemo magani. Malam Hadi ba ya nan. Na ce ga allo a jingine, da bisimilla a kansa, da sunayen Allah, kuma maganarsa ce shi kansa. Me zai fi ta son ya tashi? Na wanke layin sama kawai. Na ce Malam Hadi zai mayar, ba wanda zai sani."

"Sai jikin ya ƙi."

"Sai amai. Na ce bai isa ba ne, na ƙara. Da ya fara rawar jiki na ƙara da yawa." Ta juya hannayenta ta dube su. "Bai yi amfani ba. Kwanansa ya ƙare. Ni kuma na ɓata masa aikinsa na ƙarshe a banza. Kada ki faɗa, Hure. Ki bar su su ce tashi ya yi. Ya fi daɗin ji."

"Gobe za a kai Maiwada Gaya."

"In bai sa komai a furar ba, ai alƙali zai sake shi."

Hure ta miƙe. Abin da take zato bai zama sani ba tukuna, kuma ba ta taɓa nuna sawun da ba ta tabbatar ba. Ta gyara wa Hanne mayafi, ta fita.

*

Da safe, kafin mota ta iso, ta sa Gwadabe ya tara su a zauren mamacin. Ya yi gunaguni, amma ya yi. Aka kawo Maiwada da igiya a hannu. Malam Hadi ya zauna a inda ya saba zama, gefen buzun Malam Abdulsalam da babu kowa a kai. Dattawa suka jeru, samari suka toshe ƙofar waje. Ƙofar cikin gida an sake mata asabari, kuma Hure ta ga inuwar ƙafafu a ƙarƙashinsa. Ta san na wace ce.

Ta ajiye sakainar a tsakiyar tabarma.

"Mene ne wannan?" in ji Gwadabe.

"Waɗanda suka sha ruwan allon. Ba su koma gida ba." Ta juya ga Maiwada. "Kai Babarbare. Da me ka yi jan?"

Maiwada ya dunƙule yatsunsa, ya ɓoye farcen.

"Na tambayi Malam Hadi, ya ce ka hana shi lasar alƙalami. Ɗaci ba ya kashe kiyashi. Ka faɗa da bakinka, ko in je gidanka in bi sawun tukunyar, ka san zan same ta."

Maiwada ya dubi buzun da babu kowa. Da ya yi magana, da buzun yake yi.

"Karan dafi bai yi ba. Na nema har Balan. Sai ga garin nan da malaman gona suka raba, na cuɗa irin gyaɗa kafin shuka, don kada ƙwari su ci. Ruwa bai zo ba, ba mu shuka ba, yana nan a ƙunshe. Na buɗe na ga ja, ban taɓa ganin ja irinsa ba. Na dama da ƙaro, ya kama. Na sa da kauri, yadda zai ji." Ya dubi farcensa. "Na san guba ne, an faɗa mana ranar da aka raba. Na ce wa Malam Hadi kada ya lasa. Na ce wa Malam in ya shafa ya wanke hannu. Allon zayyana ne, na kallo ne. Wa ke shan allon zayyana?"

Zauren ya motsa. Wani daga waje ya ce, "Ya amsa!"

"To, Goggo, mun gode," in ji Gwadabe, yana tattara rigarsa. "Guba a tukunyarsa, da bakinsa ya faɗa. Shi ya haɗa, shi ya wanke, shi ya zuba a fura. Ku tashe shi, na ji ƙarar mota."

"Furar da ka shanye? Zauna, ranka ya daɗe. Bai taɓa wuce zauren nan ba, allon kuwa a ɗaki aka wanke shi, kuma ba rana ɗaya ba."

"To wa ya wanke? In ba ki da suna, da wanda nake da shi zan tafi."

Hure ba ta dubi asabarin ba. "Maiwada, ban da su biyun nan, wa ka gaya wa?"

"Babu."

"Malam Hadi, kai da kake shiga har ciki. Ka gaya wa wani a gidan nan cewa akwai abin da ba a lasa a allon?"

Malam Hadi ya yi mamakin tambayar. "Maganar aiki ce, Goggo. Me zai kai ta cikin gida?"

Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Alƙalamin da ke hannunsa ya faɗi a tabarma. A hankali kawunan dattawa suka juya, ɗaya bayan ɗaya, zuwa ƙofar cikin gida.

Motar ta tsaya a bakin gari, injinta na kaɗawa. Babu wanda ya tashi.

Daga bayan asabari murya ta fito, a daidaice, kamar mai tambayar ko an ga akuyarta.

"Hure."

"Na'am, 'yar'uwa."

"Ban gane ba. Suna ta magana, ba ta shiga kaina. Ke faɗa mini. Ke ba kya ƙarawa."

Hure ta dafa sandarta ta miƙe. Ta je gaban asabarin ta tsaya, bayanta ga maza, ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Maiwada bai sa komai a fura ba. Rubutun bai tashi ba. Ke kika wanke allon, kaɗan-kaɗan, kika zuba wa Malam a kunu don ya warke. Duk sanda ciwon ya ƙaru, kika ƙara wankewa. Jan da ke allon maganin iri ne, kuma babu wanda ya gaya miki. Shi ya kashe Malam Abdulsalam."